Turawa sun amince da ƙasar Falasɗinu, to sai kuma me?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Kwana biyu ke nan ina ganin mutane suna ta murna a Facebook wai Birtaniya da Faransa sun amince da ƙasar Falasɗinu, wani har da cewa a yi sujadar godiya. Ni fa kaina ya ɗaure. Ranar Lahadi 21 ga Satumba 2025 Birtaniya da Kanada da Ostireliya da Fotugal suka yi shela, washegari Macron ya tashi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi tasa, aka yi ta tafi. A daidai wannan lokacin tankokin Isra'ila suna cikin birnin Gaza. Don Allah masu ilimi ku fahimtar da ni: buhun fulawa nawa wannan amincewa ta shigar Gaza? A wajena dai ihu ne bayan hari.

Khalifa:
Wa alaikumus salam Yaya. Romon baka ne kawai. Birtaniyar da ta ƙulla abin tun 1917 da wasiƙar Balfour, wadda ta yi wa Yahudawa alkawarin gida a Falasɗinu, sai bayan shekara 108 ta tuna akwai wasu mutane a wurin?

Baba Ticha:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Ya'yana, bari tsoho ya sa baki. Ni wannan shela ba yau na fara jin ta ba. Ina koyarwa a makarantar sakandare lokacin da Yasser Arafat ya tashi a birnin Aljiyas ranar 15 ga Nuwamba 1988 ya karanta takardar kafa ƙasar Falasɗinu. A rediyo muka ji, muna zaune a ɗakin malamai. Aljeriya ce ta fara amincewa nan take. Nijeriya ba ta yi nawa ba, cikin makon ta bi, zamanin Babangida. Kafin shekarar ta fita ƙasashe sama da 70 sun amince, yawanci Larabawa da Afirka da Asiya da 'yan gurguzu. To ku lura, abin da ya faru makon nan ba wai duniya ce ta farka ba. Duniya ta daɗe a farke. Wani ɗan rukuni ne na masu kuɗi da makamai da suka yi shekara 37 suna cewa "sai an zauna an sasanta tukuna" suka gaji da jiran zaman da ba ya zuwa.

Ɗan Damagaram:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Mu ma Nijar a watan Nuwamban nan na 1988 muka amince. Kuma mun wuce nan: a 2002, zamanin Tandja, Nijar ta yanke hulɗa da Isra'ila gaba ɗaya. Amma gaskiya in faɗa, ban ga abin da ya canja ba a Ramallah, mazaunin Hukumar Falasɗinawa, don Yamai ta yi fushi.

Abban Sadiq:
Yawwa! Ka ga abin da nake faɗa ke nan. Baba, Allah ya gafarta maka, ai maganarka ma ni ta taimaka. Shekara 37 da amincewa, ƙasar tana ina?

Barista Maman Ilham:
Abban Sadiq, tambayarka tana kan hanya, amma ka haɗa abubuwa biyu ka ɗaure da igiya ɗaya. Bari in warware.

Masana dokar ƙasa da ƙasa sun daɗe suna jayayya a kan wannan. Wasu sun ce ƙasa tana zama ƙasa ne idan ta cika sharuɗɗa, ko an amince da ita ko ba a amince ba. Sharuɗɗan da aka fi kafa hujja da su suna cikin yarjejeniyar Montevideo ta 1933: jama'a mazauna, yanki sananne, gwamnati, da ikon yin hulɗa da sauran ƙasashe. Wasu kuma sun ce a'a, sai sauran ƙasashe sun karɓe ka kake zama ƙasa. Isra'ila da Amurka suna riƙe da na farko, su ce ina iyakar, ina gwamnati ɗaya, Gaza na hannun wani, Ramallah na hannun wani. Masu goyon bayan Falasɗinawa kuma su ce ai wanda ya hana sharuɗɗan cika shi ne mai mamayar, ba zai yiwu mutum ya karya maka ƙafa sannan ya ce ba ka cancanci shiga tsere ba.

Yanzu ga inda takarda take aiki. Ranar 29 ga Nuwamba 2012 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ɗaga matsayin Falasɗinu zuwa ƙasa 'yar kallo wadda ba mamba ba, ƙuri'a 138 suka yarda, 9 suka ƙi, 41 suka ƙaurace. A lokacin ma haka mutane suka ce, wai canjin suna ne kawai. Amma kalmar "ƙasa" ɗin nan ita ta buɗe ƙofar Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, don ƙasashe ne kaɗai ke iya shiga yarjejeniyar Roma da ta kafa kotun. Falasɗinu ta zama mamba ranar 1 ga Afrilu 2015. A 2021 alƙalan kotun suka ce huruminsu ya kai Gaza da Gaɓar Yamma har da Gabashin Ƙudus. Ranar 21 ga Nuwamba 2024 suka ba da sammacin kama Netanyahu da Yoav Gallant, tsohon ministan tsaronsa. Da ba don ƙuri'ar 2012 ba, da wannan sammacin ba shi da ƙafar tsayawa.

Khalifa:
To an kama shi ne, Anti?

Barista Maman Ilham:
Ba a kama shi ba, ƙanena. Har Hungary ya je a Afrilun 2025 aka shimfiɗa masa jar darduma. Ban ce takarda 'yan sanda ba ce. Na ce ita ke ba ka bakin magana a gaban alƙali.

Abban Sadiq:
Barista, bari in ba ki misali irin namu na 'yan kasuwa. Na taɓa sayen fili, takarduna cikakku, da hatimi da sa hannun shaidu. Na tafi neman kuɗin gini, shekara biyu na dawo na tarar wani mai ƙarfi ya kai linta. Muka shiga kotu. Duk zaman da aka ɗage, shi bulo yake ƙarawa. Ranar da aka ce ni ke da gaskiya, iyalinsa sun shekara a ciki. To haka nake kallon wannan. A watan Agustan 2025 Isra'ila ta amince da gina gidaje kusan 3,400 a wurin da suke kira E1, tsakanin Gabashin Ƙudus da matsugunin Ma'ale Adumim. Duba taswira ki gani, in aka gina nan an kusa raba Gaɓar Yamma gida biyu, an kuma yanke ta daga Ƙudus. Ministan kuɗinsu Smotrich bai ɓoye ba, ya ce manufar ita ce a binne zancen ƙasar Falasɗinu. Su Turawa suna sa hatimi, shi yana zuba kankare.

Barista Maman Ilham:
Misalinka ya zauna. Sai dai in tambaye ka: da ba ka da takardar fa, da ko ƙofar kotun ka shiga?

Abban Sadiq:
Da ban shiga ba. Amma kuma da ban kashe kuɗin lauya ba, ki yi haƙuri Barista.

Yakubu na Jos:
Sannunku 'yan'uwa. Ni Kirista ne, kuma na san a zaure irin wannan wasu na ɗauka duk Kirista bayan Isra'ila yake. Ba haka ba ne. Na je ziyarar ibada, na shiga Baitalami, kuma Baitalami a Gaɓar Yamma take, sai ka ratsa katanga da shingen sojoji kafin ka kai Cocin Haihuwa. Masu sayar mana da kayan itacen zaitun Falasɗinawa ne Kiristoci. Fadar Paparoma ma ta sa hannu kan yarjejeniya da ƙasar Falasɗinu tun 2015.

Amma akwai abin da ba a taɓo ba tun da aka fara, kuma sai an taɓo shi. Ranar 7 ga Oktoba 2023 an kashe mutum kusan 1,200 a Isra'ila, aka kwashe kusan 250, kuma har lokacin wannan shela ta Satumban 2025 akwai waɗanda ake riƙe da su. Masu cewa wannan amincewa tukwici ce ga Hamas ba duka mahaukata ba ne. Mutumin da aka sace ɗansa yana kallon talabijin ya ga ana tafi a New York, me zai ji? Sannan wace gwamnati aka amince da ita? Mahmud Abbas, shugaban Hukumar Falasɗinawa, an zaɓe shi a Janairun 2005 don wa'adin shekara huɗu. Yau sama da shekara 20. Zaɓen majalisa na ƙarshe 2006 aka yi, Hamas ta ci, 2007 suka gwabza ta kore Fatah, jam'iyyar Abbas, daga Gaza. Mutumin ya kai shekara 90.

Khalifa:
Malam Yakubu, ka ƙirga 1,200 ka manta da sama da 65,000 da ma'aikatar lafiyar Gaza ta lissafa? Tarihin bai fara ranar 7 ga Oktoba ba!

Yakubu na Jos:
Ban manta ba, Khalifa, kuma ban ce jinin wani ya fi na wani ba. Tambaya na yi.

Admin:
Khalifa a sassauta murya. Malam Yakubu baƙonmu ne na tun fil azal a zauren nan, kuma da ladabi ya yi magana. Wanda kuma ya turo tallan atamfa yanzu, na goge, nan ba Kantin Kwari ba ne.

Baba Ticha:
Yakubu ɗana, tambayarka mai kyau ce, kuma rabinta na yarda da ita. Rashin zaɓe abin kunya ne, kuma Falasɗinawa da kansu sun fi kowa faɗar haka. Rabuwar Fatah da Hamas ita ce babbar kyautar da suka ba maƙiyansu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Amma zancen tukwici ga Hamas, a nan na saɓa. Ƙasa ake amincewa da ita, ba mai mulki ba. Sau nawa soja suka yi juyin mulki a ƙasashenmu, wa ya ce ya janye amincewa da cewa akwai ƙasa Nijeriya? Sannan ka karanta abin da ake kira Sanarwar New York, wadda Faransa da Saudiyya suka jagoranta a Yulin 2025, Babban Zaure ya amince da ita ranar 12 ga Satumba da ƙuri'a 142. A ciki an la'anci harin 7 ga Oktoba, an ce Hamas ta saki mutanen da ta kama, ta bar mulkin Gaza, ta miƙa makamanta ga Hukumar Falasɗinawa. Ƙasashen Larabawa suka sa hannu a kan wannan. Tukwicin da aka ce ka ajiye bindiga ka bar kujera, wane irin tukwici ne?

Abin da ni ya fi damuna ma akasin haka ne. Sharuɗɗan sun yi yawa. Kanada ta ce a yi zaɓe a 2026 ban da Hamas, ƙasar kuma ta zama ba ta da soja. Macron ya ce ba zai buɗe ofishin jakadanci ba sai an saki waɗanda ake riƙe da su. Beljiyam ta ce ta amince, amma takardar ba za ta fara aiki a doka ba sai an saki mutanen an kuma cire Hamas. Starmer na Birtaniya kuwa da ya fara maganar a ƙarshen Yuli cewa ya yi zai amince sai fa in Isra'ila ta tsagaita wuta. Wato 'yancin mutum miliyoyi ya zama bulalar da ake razana wani da ita, in ya ji magana a mayar da ita bayan ƙofa.

Ɗan Damagaram:
Baba wannan ta ƙarshen ta shige ni. Wallahi ban lura da ita ba.

Na Garwa:
Salama alaikum. Ina ta karantawa shiru don kunya. Duk Afirka ƙasa biyu ce kawai ba su amince da Falasɗinu ba, Kamaru da Iritiriya. Mu a nan Kamaru kowa ya san dalili, ba sai an yi dogon bincike ba. Paul Biya ya maido da hulɗa da Isra'ila tun 1986, kuma Isra'ilawa ne suka horar da rundunar sojan musamman ta BIR da masu tsaron fadarsa. Ko a ƙuri'ar 2012 da Barista ta ambata, Kamaru ƙauracewa ta yi. Mutumin da ke gadin ƙofar ɗakin kwananka ba ka ɓata masa rai saboda mutanen da ba su taɓa ba ka komai ba.

Khalifa:
Allah ya kyauta. Gara mu Nijeriya, ba mu taɓa juya wa Falasɗinawa baya ba.

Barista Maman Ilham:
Khalifa, laifi tudu ne. Shekararka nawa a 2014?

Khalifa:
Ina JS1, Anti. Me ya faru?

Barista Maman Ilham:
Ranar 30 ga Disamba 2014 Jordan ta gabatar da ƙuduri a Kwamitin Sulhu, ana neman a sa wa'adin shekara ɗaya a kammala sulhu, Isra'ila kuma ta janye daga yankunan da ta mamaye kafin ƙarshen 2017. Ƙuduri a kwamitin nan yana buƙatar ƙuri'a 9 cikin 15. Aka samu 8: Jordan, Cadi, Faransa, Rasha, Sin, Ajantina, Chile da Luxembourg. Amurka da Ostireliya suka ƙi. Biyar suka ƙaurace: Birtaniya, Lituweniya, Koriya ta Kudu, Ruwanda, da Nijeriya. Kowa ya sa ran Nijeriya ce ta tara. Zamanin Jonathan ne. Netanyahu da bakinsa ya fito ya ce ya yi waya da shugabannin Nijeriya da Ruwanda, ya kuma gode musu.

Da mun ɗaga hannu ma ƙudurin ba zai wuce ba, don Amurka za ta hau kujerar na-ƙi. Amma da sai ta hau a gaban duniya. Mu muka hutar da ita. Kuma washegari, 31 ga wata, Abbas ya sa hannu a takardar shiga kotun manyan laifuka, saboda ya ga waccan ƙofa a rufe take.

Abban Sadiq:
Ikon Allah. Ni ma da girmana ban san wannan ba.

Yakubu na Jos:
Na tuna lokacin. Amma kada a mayar da shi zancen addinin shugaba. Nijeriya ta yanke hulɗa da Isra'ila a 1973 a ƙarƙashin Gowon, Kirista. Babangida, Musulmi, shi ya maido da ita a 1992. Cadi da ta ɗaga hannu a 2014, ita ce Netanyahu ya sauka a Njamena a Janairun 2019 suka maido da hulɗa da Idriss Deby. Sudan da Maroko da Daular Larabawa da Bahrain kuwa a 2020 suka shirya da Isra'ila ba tare da an ba Falasɗinawa ko taku ɗaya na ƙasa ba. Kowa lissafin tukunyarsa yake yi.

Baba Ticha:
Gaskiya ka faɗa, Yakubu. Kuma na huɗun nan ya fi ciwo, don a taron Beirut na 2002 Larabawa sun haɗu sun ce ba shiri da Isra'ila sai ta koma iyakar 1967 an kafa ƙasar Falasɗinu. Ita ce kaɗai hajar da ke hannunsu, wasu suka sayar da ita a ɓalle.

Bari in ba ku misalai biyu daga gidanmu Afirka, don na kan ba ɗalibaina su. Biyafara ta samu amincewar Tanzaniya da Gabon da Kwaddibuwa da Zambiya, daga baya Haiti. Bai hana ta faɗuwa a Janairun 1970 ba. Wannan na Abban Sadiq ne. Ga na Barista: a Gini Bisau, 'yan PAIGC, masu yaƙin ƙwatar ƙasa, sun shelanta 'yanci daga cikin daji ranar 24 ga Satumba 1973, sojan Fotugal na zaune a babban birni. Ƙasashe da dama suka amince, Babban Zaure ya ce zaman Fotugal a wurin mamaya ce ta haram. Ba a shekara ba sojojin Fotugal da suka gaji da yaƙi suka kifar da gwamnatinsu a Lisbon a Afrilun 1974, a Satumba Fotugal ta sallama. To amincewar ce ta kore ta? A'a. Amma ta sa kowa ya daina kiran abin rikicin cikin gida. Bambancin shi ne Fotugal matalauciya ce a Turai, ba ta da wani babban yaya da zai yi ta biyan kuɗin yaƙin har abada.

Abban Sadiq:
To Baba ai ka kawo mu gida. Babban yayan shi ne maganar. Ranar 18 ga Afrilu 2024 Aljeriya ta kai wa Kwamitin Sulhu buƙatar a ba Falasɗinu cikakkiyar kujera, 12 suka yarda, Birtaniya da Suwizalan suka ƙaurace, Amurka ita kaɗai ta ce a'a, magana ta mutu. A 2025 ma ko bizar shiga New York ba ta ba Abbas da mutanensa ba, ta bidiyo ya yi wa taron jawabi. Shugaban ƙasar da sama da ƙasashe 150 suka amince da ita, ba ya iya zuwa wurin da ake shelar ƙasar tasa. A watan Yuni ministocin harkokin wajen Larabawa, har da na Saudiyya, sun so zuwa Ramallah, Isra'ila ta hana, don ita ke riƙe da gadar da ake bi daga Jordan. Kuɗin harajin kayan da ke shiga ma ita ke karɓa tun yarjejeniyar Paris ta 1994, ta ga dama ta ba su, ta ga dama ta riƙe, malaman makaranta su karɓi rabin albashi. Kuɗin da suke kashewa shekel ne. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Khalifa:
Anti Barista, tambaya. Tunda a Babban Zaure babu kujerar na-ƙi, kuma a watan Mayun 2024 ƙasashe 143 suka goyi baya, me zai hana su shigar da ita kawai su ƙyale Amurka?

Barista Maman Ilham:
Sashe na 4 na kundin Majalisar ne ya hana. Sai Kwamitin Sulhu ya ba da shawara tukuna, sannan Babban Zaure ya kaɗa ƙuri'a, a samu kashi biyu cikin uku. An taɓa gwada wannan dabarar taka tun zamanin da Tarayyar Sobiyet ce ke tare ƙofa, aka tambayi Kotun Duniya, a 1950 ta ce ba hanya sai ta kwamitin. Abin da ƙuri'ar 10 ga Mayu ta yi shi ne ƙara musu haƙƙoƙi: su zauna a jerin ƙasashe bisa harufa, su gabatar da ƙuduri da kansu, amma ba su da ƙuri'a. A ranar ne jakadan Isra'ila Gilad Erdan ya hau mumbari da 'yar na'urar yayyaga takarda ya markaɗe kwafin kundin a gaban kowa.

Kuma wannan fushin shi ne amsata gare ka, Abban Sadiq. In abin banza ne, me ya sa ake kashe ƙarfi haka wajen hana shi? Da UNESCO ta karɓi Falasɗinu a Oktoban 2011, Amurka ta tsayar da kuɗinta, kashi 22 cikin ɗari na kasafin hukumar, saboda tana da dokoki tun 1990 da 1994 da suka tilasta haka. Da Norway da Ireland da Sifaniya suka amince a Mayun 2024, Isra'ila ta janye jakadunta, ta soke izinin jami'an Norway takwas masu hulɗa da Ramallah, ta hana ƙaramin ofishin jakadancin Sifaniya a Ƙudus yi wa Falasɗinawan Gaɓar Yamma aiki, a Disamba ta ce za ta rufe ofishinta na Dublin. Majalisarsu ta Knesset ta zauna a Yulin 2024 ta kaɗa ƙuri'a 68 da 9 cewa ba ta yarda da ƙasar Falasɗinu ba. Ba a yi wa gawa irin wannan gadin.

Yanzu huɗu cikin biyar masu kujerar dindindin sun amince. Jamus da Italiya da Japan ne manyan da suka rage tare da Amurka.

Ɗan Damagaram:
Barista, ni lissafin ne ya rikita ni. Wata kafa ta ce 151, wata 157.

Barista Maman Ilham:
Ya danganta da wa ka ƙirga. Wasu suna sa Beljiyam, wasu suna jira. Sannan akwai 'yan gadon 1988: Cekoslobakiya ta amince a lokacin gurguzu, ƙasar ta rabe, yau Jamhuriyar Cek tana cikin manyan aminan Isra'ila, tana ma cikin taran da suka ƙi a 2012. Hungary ma haka, sunanta na cikin jerin amma ƙuri'arta na wani wajen.

Anti Nas Manchester:
Ku yi haƙuri yanzu na sauko daga aikin dare, na karanta tun daga sama. Ni a nan Birtaniya nake, bari in faɗi abin da idona ya gani. Wannan amincewar ba daga tausayin Starmer ta fito ba. Kusan shekara biyu ana cika titunan Landan da zanga-zanga, kuma ba Musulmi kaɗai ba, da Turawa tsofaffi da Yahudawa masu ɗauke da alluna. A zaɓen 2024 jam'iyyar Labour ta rasa kujeru a hannun 'yan takara masu zaman kansu saboda Gaza, ciki har da ɗaya a Leicester. 'Yan majalisa sama da 200 suka sa hannu a wasiƙar neman a amince da Falasɗinu a Yulin 2025. Tura ta kai bango ne.

Ranar Litinin jakadan Falasɗinawa Husam Zomlot ya ɗaga tuta a gaban ofishinsu na Landan, wata abokiyar aikina 'yar asalin Nablus ta nuna min a waya tana hawaye. Na ce mata barka. Ta ce min kakarta ta rasu da makullin gidansu na Yafa a ƙarƙashin filo, ita ba ta san ko murna take ko baƙin ciki ba.

Amma Abban Sadiq, ina tare da kai a abu ɗaya. Gwamnatin nan ta dakatar da lasisin sayar da makamai kusan 30 cikin 350 a Satumban 2024, ta bar kayan gyaran jirgin F-35. Sifaniya da Sulobeniya su ne suka haɗa magana da aiki, sun hana cinikin makamai, sun hana shigo da kayan matsugunan 'yan kama-wuri-zauna. A nan kuwa duk azumi sai mun tsaya a kanti muna juya kwalin dabino muna karanta inda aka nome shi, don da yawa daga gonakin matsugunan kwarin Jordan yake fitowa. Ka ce ka amince ƙasar wani ce, kuma kana sayen dabinon da aka noma a gonar da aka ƙwace masa.

Yakubu na Jos:
Sannu da aiki Hajiya. Labarin makullin nan ya taɓa ni.

Abban Sadiq:
Sannu da ƙoƙari Anti. To ni ga inda na tsaya, Barista ta ciyo ni a zancen kotu, na sallama wannan. Sauran kuwa ina nan a kan bakana. Azumi saura wata biyar. Anti, in Allah ya kai mu, ki shiga kantin nan ki ɗauko mana hoton kwalin dabinon ki turo zauren nan.

Anti Nas Manchester:
In sha Allah zan turo, gaba da baya, har da inda aka rubuta ƙasar. Yanzu dai bari in kwanta, ƙarfe bakwai zan koma asibiti.